Tsagar Gilashi

Ranar Litinin, bayan la'asar,
Jagadish mai sayen riɗi ya tsaya ƙofar shagona a Mokoyo,
rungume da wani abu cikin tawul
kamar mai kai jinjiri likita.
Ya ce iskar hadarin jiya ta bugi taga,
taga ta bugi bango, bango ya saki ƙusa.

Ni aikina gilashi. In auna, in ja layi, in ɓalle.
Shekara ashirin ban tambayi hoto ko shi wane ne ba.
Amare, alhazai, takardun lakwal, 'yan ƙwallo,
duk na rufe su, na karɓi jikkata.
Wannan takarda ce ta riƙe mini ido.

Gida goma aka yi mata, kamar ramukan dara.
A na farko kifi ne, amma mutum daga ƙugu zuwa sama,
hannu huɗu, jiki shuɗi kamar ya kwana a karofi,
yana jan jirgi bisa ruwan da ba shi da gaɓa.
Ya ce, "Bishnu ke nan. Duk goman shi ne.
In duniya ta karkace, sai ya sauko cikin wata riga."

Ban tanka ba.
Wanda nake wa sujada ba ya sa riga, ba shi da hoto.
Sai dai kifin ya tuno mini Inna Tambara
da daren da Gulbi ya shigo tsohon gari ba sallama.
Ƙwarya a ka, ƙanenta a baya, ruwa iya wuya,
ta ce da kifi ya nuna mata hanya a daren nan
da ta bi shi.

Kunkuru da dutse a gadon baya.
Gadu ya ɗago ƙasa bisa haure,
ƙasar kuwa mace ce, 'yar mitsitsiya, ta dafa kuncinsa.
Nomau yarona ya tuntsure da dariya, na harare shi.
Sai na huɗu: kan zaki, jikin mutum, zaune a dokin ƙofa.
"Ba ciki ba, ba waje ba," in ji Jagadish,
"ba dare ba, ba rana ba."
Na ce, almuru ke nan.
Mu ma a sa'ar nan ake korar mu daga bakin ƙofa.
Ya dube ni.

Tsagar ta bi ta kan wani gajere mai laima
da ya roƙi sarki taku uku na ƙasa,
ya cinye duniya da biyu.
Wannan kam na san shi!
Haka aka yi wa gonar babanmu a hanyar Ɗan Isa,
sai dai namu da mota ya zo, da igiyar awo.

Mai gatari. Mai baka. Mai sarewa tsakiyar shanu,
shanu farare tas, ko ƙuda babu.
Na tara na zaune, ido a lumshe.
Na goma da takobi zare.
"Wannan bai zo ba tukuna."
To wa ya gan shi, har ya zana?
Ya yi murmushi. Wani tsoho ne a garinsu,
da baba da kurkum da baƙin tukunya.
Uwarsa ta saya ran da zai taho,
ta ce ko ina ya sauka kada ya aje shi ƙasa.

Na wanke hannu, don kada in bar shaidar yatsa.
Na auna, na ja ƙarfe,
gilashi ya yi 'yar ƙara ya rabu.
Zan rufe ke nan, ƙwayar riɗi guda
ta faɗo daga hannun rigarsa,
ta zauna cikin ruwan, daidai bakin kifi.
Na kai farce.
Ya ce, "Bar ta."

Ladan ya kira. Ya naɗe tawul ɗinsa, na ɗauki butata.
Mun ɗan jima a bakin ƙofa,
kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara fita.